Kifin Juma'a a Garin Shanu

A biranen Amurka irin su Milwaukee, Pittsburgh da Cincinnati, da zarar azumin Kirista na kwana arba'in ya kama, zaurukan cocin Katolika kan cika maƙil duk yammacin Juma'a. Ana soya kifi da dankali, jama'a na bin layi suna biyan kuɗin faranti, ribar kuma tana shiga asusun coci ko makarantarta. Al'adar ta kafu har ta kai ga kasuwa ta bi sawunta. A shekarar 1962 wani mai shagon McDonald's a Cincinnati, Lou Groen, ya ga cinikinsa na faɗuwa duk Juma'a saboda maƙwabtansa Katolika ba sa cin nama, sai ya ƙirƙiro burodi mai kifi a ciki, wanda kamfanin ke sayarwa har gobe. Tun daga nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani, domin ibadar da ɗan kasuwa ya gano yadda zai ci riba da ita ta fara sauka daga kan manufarta.

Dokar da ta haifi wannan liyafa tana kan wuyan kowane ɗan Katolika, har da na Illela, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni, a ƙarƙashin Dayosis ta Sakkwato wadda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. Kundin dokokin cocin na 1983 ya wajabta ƙaurace wa nama ranar Juma'a a kan duk wanda ya cika shekara 14. Ya kuma ɗora azumin Larabar Toka da na Juma'ar tunawa da gicciye Yesu Almasihu a kan baligai har su shiga shekara ta 60. Babu inda dokar ta ce a ci kifi. Hani ta yi, jama'a ne suka mayar da abin da aka yi shiru a kansa ya zama kamar farilla.

Dalilin hanin a fili yake. A Turai ta tsakiyar zamani nama abincin biki ne da na masu hali, kifin da aka busar ko aka zuba wa gishiri kuwa shi ne abin da talakan bakin teku ke iya kaiwa bakinsa. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya kafa hujjarsa a kan cewa naman dabbobin tudu ya fi daɗi kuma ya fi ƙosar da jiki, don haka barinsa horo ne. Wato mai hali ya sauko teburin marar hali kwana ɗaya a mako.

A Illela lissafin ya juye. Gari ne na kara, inda shanu, raƙuma, tumaki da awaki ke kwararowa daga Nijar su wuce kudu cikin manyan motoci. Kifi kuwa baƙo ne. Tafkin Kalmalo, wanda ya daɗe yana ciyar da masuntan yankin, ya ja baya ƙwarai. Tarwaɗa da ƙarfasa sai an ɗauko su daga madatsar Goronyo ko daga kogunan Kebbi, wajen Argungu da Yawuri. Kifin ƙanƙara ya fi su nisan tafiya, domin Najeriya ba ta samar da ko rabin kifin da take buƙata, ragowar daga ƙetare ake sayowa da kuɗin waje a sauke a tashar jiragen ruwa. Sabon titin da aka tsara daga Illela zuwa Badagry tsawonsa kilomita 1,068 ne, kuma kusan irin wannan tazara kwalin kifi ke ratsawa, cikin zafin bazara da ƙarancin wutar lantarki, kafin ya shiga tukunya. Kuɗin man mota da na ƙanƙara duk a kan mai saye suke ƙarewa.

Saboda haka magidancin da ya ajiye naman miya ranar Juma'a ya sayo babban kifi bai hana kansa komai ba, marmarinsa kawai ya sauya. Ya cika harafin doka, amma kuɗin cefanensa na wannan rana na iya zarce na ranar Alhamis. Shi kuwa lebura mai dakon buhunan albasa, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara, an umarce su da barin abin da tun farko ba sa gani sai ranar biki. Wannan gari ya ɗanɗana rufe iyaka sau biyu cikin 'yan shekaru: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Gidajen da abincinsu ya dogara da zirga-zirgar kan iyaka sun yi azumin da babu wani fada da ya ɗora musu. A gabansu a kafa kaskon suyar kifi da sunan tuba, ana karɓar kuɗin faranti a ƙofa, cin fuska ne.

Masu kare al'adar suna da hujja mai nauyi. Suna cewa liyafar tana haɗa kan mabiya, tana kuma tara kuɗin hidima. Ga Kiristocin Illela, waɗanda 'yan tsiraru ne, da yawansu 'yan kasuwa da ma'aikatan da aiki ya kawo daga nesa, zama a ci tare abu ne mai daraja. Sai dai wannan hujja tana kare taron ne, ba ta kare abin da ke cikin tukunya. Zumunci ba ya lalacewa don an zuba garau-garau, ko dambun zogale, ko tuwon gero da miyar kuka. Kuɗi kuma zai fi taruwa idan kowane gida ya kawo rarar da ke tsakanin cefanen kifi da cefanen wake, aka juya ta zuwa mudun gero ga mabukata, a daidai lokacin da rumbuna suka fara sauka kuma damina na da sauran nisa.

Wannan ba tawaye ba ne ga koyarwar coci. Dokar da kanta ta ba majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa ikon ayyana wani abincin da za a bari a madadin nama, ko ta musanya hanin da ayyukan jinƙai. Tun 1966 Fafaroma Paul na Shida ya bambanta abin da ake nema daga ƙasashe masu wadata da abin da ake nema daga masu fama da talauci. Ƙofa a buɗe take, abin da ya rage shi ne shugabannin coci na wannan yanki su faɗa wa mabiyansu ƙarara cewa a Sahel mizanin Juma'a shi ne abin da aka rage da wanda aka ciyar.

Maƙwabta Musulmi ma ba su tsira daga wannan cuta ba, kuma malamansu kan yi wa'azi a kanta duk shekara: watan da aka keɓe don kame baki shi ne watan da cefanen wasu gidaje ke ninkuwa. A 2025 azumin biyu sun haɗu, Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga wata. Garin da mutanensa ke jin yunwa a lokaci ɗaya yana da damar da Milwaukee ba ta da ita. Tukunyar wake da aka sauke da magariba a ƙofar coci, kyauta, ba a tambayar addinin mai miƙo kwano, za ta ciyar da almajiri da ɗan dako da baƙon da dare ya riska a kan iyaka. Kifin kuma a ajiye shi sai Lahadin Ista, ranar da aka halatta biki.