A Koya wa Yara Warware Doguwar Jimla Tun Kafin Ranar Jarrabawa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu duba wata magana wadda ta shafi kowane ɗayanmu, gama ba da daɗewa ba za a ba mu aji, a ce mu shirya 'ya'yan mutane domin jarrabawa. Tun da aka kafa hukumar WAEC a shekarar 1952, Turanci ne ƙofar da kowane yaro ya ke bi. Har wa yau wanda bai sami kiredit a Turanci ba, da ƙyar ya shiga jami'a, ko da ya fi kowa lissafi. A cikin takardar Turancin nan kuwa akwai inda a ke ba yaro labari ya karanta ya amsa tambayoyi, da inda a ke cewa ya taƙaita abin da ya karanta. A nan ne doguwar jimla ta ke kā da yara masu ƙoƙari.

Mutane da yawa suna tsammani rashin sanin kalmomi ne ya ke kawo wannan. Saboda haka sai malam ya rubuta kalmomi ashirin a allo, ya ce a haddace. Ni dai a ganina maganin bai dace da ciwon ba. Ga misali wanda na shirya da kalmomi masu sauƙi:

The farmers who had sold their groundnuts before the rains came, although they were warned by the chief that prices would rise, did not regret their decision.

To, a tambayi yaro, wane ne bai yi nadama ba? Sau da yawa zai ce sarki ne, domin sarki ne mutumin da ya karanta daga ƙarshe. Alhali kuwa manoma ne. Kalma ashirin ce ta shiga tsakanin manoman da aikinsu, kafin yaro ya ƙetare su ya manta da wanda a ke zance.

Akwai dalili. A Hausa kusan kowace kalmar aiki, watau aikatau, tana tafe da ɗan wakilinta a gaba. In ka ce "ba su yi nadama ba", wannan "su" ta riga ta gaya maka mutane ne da yawa, ba sarki ɗaya ba. Turanci bai yi mana wannan alheri ba: did not regret ɗaya ne ko ga sarki, ko ga matarsa, ko ga manoma ɗari. Dubi kuma wannan 'yar gajeruwa: The goat the boy bought died. Suna biyu a jere, aikatau biyu a jere. Bahaushe sai ya ce, "Akuyar da yaron ya saya ta mutu." Ba ya iya jefar da "da", sa'an nan "ya" da "ta" sun raba gardama. Bature kuwa yana da izinin barin which ko that a irin wannan wuri, ya bar mai karatu ya cika da kansa. Haka nan in an ce The hunter was killed by the lion, yaron da ya saba mai aiki shi ke zuwa da fari zai iya ɗauka maharbi ne ya yi kisa.

Ga hanyar da na ke roƙo mu riƙa koyarwa. Da fari yaro ya karanta jimlar har aya, kada ya tsaya don kalma ɗaya ta gagare shi. Na biyu, ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau. A misalinmu na manoma guda biyar ne. Na uku, ya nemi ƙananan kalmomin da su ke buɗe reshe, irin su who, which, before, although da that, ya kewaye kowane reshe da fensir. Abin da ya ragu a waje shi ne gindin magana: The farmers did not regret their decision. Na huɗu, ya mayar da rassan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowanne: waɗanne manoma? yaushe? me sarki ya ce? Daga ƙarshe ya rufe littafi ya faɗi ma'anar da bakinsa, da Hausa ko da harshen gidansu. Wanda ya kasa faɗinta da harshen da ya iya, lalle bai gane ta ba tukuna.

Na san waɗansu za su ce shigo da Hausa cikin darasin Turanci yana ɓata Turancin yara. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya in malam ya mai da dukan darasi fassara. Amma minti biyu na gwada fahimta ba ya ɓata kome. Yaranmu da yawa suna magana da harshensu a gida, da Hausa a kasuwa, da Turanci a aji. Wanda ya iya juya magana tsakanin harsuna uku, kansa ya riga ya saba da wannan aiki, sai dai a nuna masa.

Waɗansu kuma za su ce yawan karatu shi ne magani, a ba yara littattafai kawai. Haka ne, babu abin da ya kai karatu. Amma makarantu nawa ne a ƙauyukanmu su ke da ɗakin littattafai? Ko inda akwai, yaron da jimla ta kā da shi sau uku a shafi ɗaya zai ajiye littafin ya tafi ƙwallo. Warware jimla ita ce ta ke ba shi ƙarfin zuciya ya ci gaba da karatu.

Sai dai mu yi hankali da abu guda. WAEC takan ɗauko wani yanki na jimla ta tambayi sunansa a nahawu da aikinsa, saboda haka waɗansu malamai sun mai da darasin haddar sunaye. Yaro ya iya cewa adjectival clause kamar aku, amma a tambaye shi wane suna reshen ya ke bayyanawa, sai ya yi shiru. A fara da ma'ana. In ya gane who had sold their groundnuts tana faɗa mana ko waɗanne manoma ne, sunan ba zai yi masa wuyar riƙewa ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na wannan kwaleji su sa wannan aiki cikin abin da a ke duba mu a kai sa'ad da mu ka fita gwajin koyarwa. Mu kuma, kowa ya ɗauki jimla ɗaya daga jarida ko littafin aji kowace safiya, ya warware ta tare da yaransa cikin minti goma, tun daga ajin farko na sakandare. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In mu ka bari sai saura wata ɗaya jarrabawa, mu ne mu ka cuci yaran, su da iyayen da su ka sayar da hatsi su ka biya musu kuɗin takarda.