RAHAMA SADAU: KORA CE MAGANI KO TARBIYYA?

Jiya a majalisarmu nan Birnin Kebbi aka ɗauko hirar 'yan fim, kowa ya zage yana tsine musu. Da aka watse, wanda ya fi kowa ɗaga murya na hango shi ya duƙufa a kan waya yana kallon fim ɗin Hausa. Wannan ne ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Ku dubi Rahama Sadau. An haife ta a Kaduna a 1993, can ta tashi ta yi makaranta. A 2013 ta shiga Kannywood ta hannun Ali Nuhu, fim ɗin Gani Ga Wane ya fito da ita, kafin ka ce kwabo ta shiga sahun gaba. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta saboda bidiyon waƙar da ta yi da mawaƙi ClassiQ na Jos.

Ni ma ban ji daɗin bidiyon nan ba, kuma ita da kanta ta nemi afuwa. Amma me korar ta haifar? Ƙofar Legas ta buɗe mata, ta fito a Sons of the Caliphate. A 2017 ta shirya nata fim, Rariya. Ta je Cyprus ta yi digiri, a 2022 kuma sai ga ta a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz 2. Wato mun kore ta daga inda muke da ta cewa, ta koma inda ba mu da ita.

Haka a 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano saboda suka. Alƙaryar ta mutu, fim bai mutu ba, ya koma YouTube da TikTok inda babu mai tacewa.

To yanzu mu dawo gida. Yarinyar Argungu ko Birnin Kebbi da Allah ya ba basirar wasan kwaikwayo, ina za ta? Ko ta binne abin a zuci, ko ta hau mota zuwa Kano ba da sanin iyaye ba, ba yarjejeniya a rubuce, ba mai tsaya mata. A nan ne ɓarnar take faruwa, ba a gaban kyamara ba.

Alhali labari muna da shi jibge. Tarihin Kanta da Surame, bikin kamun kifi na Matan Fada da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, rayuwar manoman shinkafa a fadama. Wa zai faɗa wa duniya in ba 'ya'yanmu ba?

Shawarata, a koyar da sana'ar nan a gida, a makarantu irin su Kwalejin Adamu Augie. Malamai su shigo ciki su gyara, iyaye su sa hannu kafin yarinya ta fara, a rubuta haƙƙinta a takarda.

Kai da kake zagi, in ƙanwarka ce ta zo maka da wannan buri gobe, korarta za ka yi ko zaunar da ita? Ina jiran ra'ayinku, amma don Allah ban da zagi. Allah ya shirya mana zuri'a.