Almakashin ceto: tambayar da za ku yi wa mai neman ƙuri'arku

Ƴan uwa na Ƙonni, Maraɗi, Ɗan Isa, Matamaye da Magarya, duk wanda ke bin hanya a cikinku ya san wannan kallon. Mota ta yi karo da tirela, ƙarfe ya nannaɗe, mutum yana ciki da ransa, yana salati, amma an rasa ta inda za a fito da shi. Sai jama'a su taru, wannan da gatari, wancan da guduma, wani ya ɗaura igiya a ja ƙofa. Niyya mai kyau ce, Allah Ya saka. Amma yayin da ake fama, jini yana zuba. Wani lokacin ma jan da ake yi wa mai rauni ne ke ƙarasa masa ƙashin baya.

Akwai kayan aikin da aka ƙera domin wannan ranar. Wani Ba'amurke mai suna George Hurst ne ya fara fito da su a farkon shekarun 1960, don ceto direbobin tseren mota da ke maƙalewa. Yau kamfanoni irin su Holmatro na ƙasar Holan da Lukas na Jamus suna ƙera su, kuma ƴan kwana-kwana a ƙasashe da yawa ba sa fita sai da su.

Yadda suke aiki ba baƙon abu ba ne a wurin wanda ya taɓa ganin tifa tana juye yashi. Famfo ne ke tura mai cikin tiyo da matsi mai tsanani, man kuma ya tura ƙarfe. Kayan kashi uku ne. Akwai almakashi, wanda ke datse ginshiƙin mota a ɗage rufin. Akwai mai buɗa baki, wanda ake cusa wa a tsagar ƙofa ya ɓalle ta. Sai sandar turi, wadda ke ture gaban mota daga ƙafafun direban da sitiyari ya danne. Ba sa fitar da tartsatsi kamar injin yankan ƙarfe na masu walda, wannan kuwa babban abu ne inda fetur ya malale. Sababbin ma da batir suke aiki, mutum ɗaya yana iya ɗauka ya sauka da su cikin kwazazzabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a. Mu da ke zaune a bakin iyaka, inda manyan motocin kaya daga Illela, Jibiya da Kwangwalam ke haɗuwa da motocin ƴan kasuwa, ba ma buƙatar a ba mu labari.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram sama da kilomita 200 ne. Idan haɗari ya faru a tsakiya aka kira lamba 18, almakashin da ke kulle a babban birni bai amfani kowa ba. Kuma sayen kaya ba shi ne ƙarshen magana ba. Dole a horar da masu riƙe su, a riƙa duba tiyo da mai da batir, a samu motar ɗaukar su da man tafiya.

Matsayinmu a fili yake: kowane barikin ƴan kwana-kwana da ke kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya da hanyoyin iyaka ya samu cikakken kayan ceto, a kuma rubuta kuɗin gyaransu a kasafin kowace shekara, yadda kowa zai gani.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo ƙofar gidanku, namu ne ko nasu, ku tambaye shi. Barikin da ya fi kusa da mu yana da almakashin ceto? Yana aiki? Mutum nawa suka iya sarrafa shi? Minti nawa zai ɗauka ya iso mu? Wanda ya riƙe mulki shekara da shekaru bai kamata ya yi in'ina a nan ba.

Rai na Allah ne, amma an umarce mu da neman dalili. Ku riƙe waɗannan tambayoyi har ranar zaɓe.