Laifin Wa Ne a Zangon Kumasi?

Jama'a, kuka ya yi yawa daga 'yan'uwanmu mazauna zangon Kumasi da na Ankara. Wai 'ya'yansu mata sun fi son Tonanci da Turanci bisa Hausa, sun ƙi mijin da uba ya zaɓa, sai makaranta da aikin albashi su ke so. Ni kuwa na ce laifin na iyayen ne.

Fataucin goro ya kai kakanninsu ƙasar Tonawa. Can aka haifi yarinyar nan, can aka binne cibiyarta, ba ta taɓa ganin badalar Kano ba. To, ƙaƙa za a ce ta zauna baƙuwa har abada? Ku tuna da shekarar 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar izni mako biyu su fita daga Gana. Mutane da yawa suka bar gidajensu da rumfunansu. Wanda ya hana 'yarsa karatu da harshen gari, me ya tanadar mata don irin wannan rana?

Masu cewa sanin harsuna zai ɓata addininta, ina su ke da Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Filatanci da Hausa? Auren tilas kuwa, shi ke korar yarinya daga gida.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku koya mata Alkur'ani da kunya, ku yi mata Hausa a tsakar gida, kāna ku bar ta ta nemi ilmi. Allah ya sa mu gane, amin.