Kafin a saya wa ɗalibi na'ura, a fara tambayar batirinta

Jiya a ofis wani abokin aikina ya ga 'yar na'urar da nake karatu da ita a kan tebur, ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Malam, wannan wace irin waya ce babu kala?" Na ce masa ba waya ba ce, Kindle ce, littafi kawai ake karantawa a ciki. Ya ce ba a WhatsApp da ita? Na ce a'a. Kallon ƙwallo fa? Na ce babu. Ya ajiye yana dariya, wai an cuce ni. Ban ja da shi ba, don lokacin tashi ya yi, amma maganar ta tsaya mini a rai har na iso Dakata. Shi ya sa na ce bari in rubuta, mai haƙurin karanta dogon rubutu ya biyo ni.

Kun dai tuna Oktoban 2024. Tun kafin nan ɓarayi sun lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, kuma rashin tsaro ya hana a shiga a gyara da wuri. Sai ya zama kusan duk Arewa ta rataya a kan layi guda, wanda ya taso daga Ugwuaji ta Inugu ya biyo ta Apir kusa da Makurɗi ya nufo Jos. Ranar 21 ga wata shi ma ya faɗi. Sai ranar 30 ga wata kamfanin TCN ya sanar an dawo da ɗaya daga cikin layukan. Mu da ke zaune kusa da tashar wuta ta Dakata, muna ganin turakun ƙarfe da manyan wayoyi kullum, duhunmu ɗaya da na mutumin ƙauye. Litar fetur a lokacin ta haura naira 1,000, ka ga ke nan tayar da inji kowane dare ba na ma'aikacin gwamnati ba ne. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama sai wane da wane, shagon mai caji kuwa ya koma kamar layin banki a lokacin canjin kuɗi.

A gidana wayoyi huɗu ne. Kafin kwana biyu duk sun yi shiru, fawa bankin ma ya bi su. Yarinyar wajena tana aji shida na sakandare a lokacin, kuma rabin abin da take bita a waya yake, malamai suna turowa ta zauren WhatsApp. Aka kai wayar uwarta caji da safe, sai la'asar aka karɓo, ita ma ba ta cika ba. Daren na uku ta same ni a tsakar gida ta ce, "Abba, ara mini abin karatunka." Dama tun hutu na zuba mata wasu littattafan Turanci da tambayoyin jarrabawar baya a ciki, ba ta taɓa kulawa ba. Da na miƙa mata, batirin yana wajen kashi 70 cikin 100. Ta yi karatu da ita kowane dare, ni ma ina karɓa bayan asuba. Ranar da aka kawo wuta, yara na ihu a layi, na duba na ga da sauran caji a ciki. Wallahi a duk kayan lantarkin gidan, ita da rediyo ne kawai suka kai ƙarshen wannan duhu da ransu.

Wani ƙanena ne ya kawo mini ita tsaraba daga Ingila a 2022, samfurin Paperwhite na 2021. Abin da zai ba ku mamaki, batirinta ƙarami ne. Ƙarfinsa 1,700 ne a ma'aunin mAh, alhali yawancin Tecno da Infinix da ke aljihunmu 5,000 suke da shi. Wato wayar ta ninka ta kusan sau uku, amma wayar ce ke mutuwa kafin isha. Sirrin yana fuskarta ne.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan da sauri. In ka rubuta allonka da tawada ka jingine shi a bango, rubutun yana nan har sai ka wanke. Ba ya buƙatar komai don ya zauna. Wahala ɗaya ce, lokacin wankewa da sake rubutu. To haka fuskar wannan na'ura take. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe, in ka buɗe sabon shafi sai 'yar wuta kaɗan ta tura baƙaƙen sama a inda harafi yake, fararen su cike sauran wurin. Da zarar sun zauna shi ke nan, shafin zai tsaya ko da awa nawa za ka yi kana kallonsa, fuskar ba ta ƙara jan wuta sai ka juya. Ita kuwa waya, dole fuskarta ta yi ta haske, tana sabunta hoton sau 60 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, ga neman sabis, ga data, ga manhajoji ashirin suna aiki a ɓoye. Wannan fasaha daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito, aka kafa mata kamfani mai suna E Ink a 1997. Sony ta fara sayar da na'urar karatu mai irin wannan fuska a Japan a 2004, Amazon ta fito da Kindle a 2007. Ka ga ba sabon abu ba ne, mu ne dai bai zo mana ba.

Amma fa kada talla ta ruɗe ku. A jikin bayanin tawa an ce caji ɗaya yana kai mako 10, sabuwar ta 2024 kuma an ce mako 12. Sai ka duba ƙananan rubutun ƙasa ka ga sharaɗin: karatun rabin awa a rana, an kashe intanet, an rage haske. Yi lissafi da kanka. Rabin awa sau kwana 70, awa 35 ke nan. Wanda ke karatun awa uku a rana, kwana goma sha ɗaya zuwa sha biyu zai samu. Ni a nawa amfanin, wajen mako biyu nake yi, wani lokaci ya ɗan gota. In na bar intanet a kunne, ko na ƙure hasken, ko na zuba littattafai da yawa a lokaci guda tana ta faman tsara su, sai in ga cajin yana zuba. Ga kuma zafinmu. Su da kansu sun ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu Kano tana haura 40. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, yana tsufa da wuri. Kada ka bar ta a mota ko a ƙarƙashin kwano da rana tsaka. Duk da haka, awa 35 na karatu a caji ɗaya, nuna mini wayar da za ta yi maka ko rabin haka da fuskarta a kunne.

Akwai wani lissafi da na yi wanda ya ɓata mini rai. Wutar da ake buƙata a cika wannan batiri ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na yunit ɗaya ba. Ko a farashin rukunin A, wanda hukumar NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, kuɗin bai wuce naira 2 ba. Cika waya mai 5,000 kuwa wajen naira 4 zuwa 5 ne. Yanzu tuna nawa kake ba mai caji. Ban ga laifinsa ba, fetur yake saya, haya yake biya. Amma abin da ke tsakanin naira 5 da abin da kake miƙa masa, harajin rashin wuta ne, kuma talaka ne ke biyansa kullum.

To ga inda na dosa. Kowace shekara sai ka ji wata gwamnati ko wani ɗan majalisa ko wata makarantar kuɗi ana maganar raba wa ɗalibai kwamfutar hannu. Jihar Osun ta yi nata a 2013, wanda suka kira Opon Imo. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma ana ta maganar WAEC da NECO su bi sahu. Babu mai ja da cewa karatu ya nufi can. Ni dai a shekarun da na yi ina aiki, takardun sayen kaya sun sha bi ta gabana. Za ka ga an rubuta girman fuska, girman ma'ajiya, ƙarfin kyamara, har launin jaka. Ban taɓa ganin inda aka rubuta awa nawa yaro zai yi karatu da ita kafin ta mutu ba, balle a tambaya a ina zai yi caji. Wanda ya rubuta takardar yana da sola a gida da inji a ofis, tambayar ba za ta ma zo masa ba. Yaron da za a ba wa kuwa yana Dakata ko Kawaji ko Sauna, ko wani ƙauye a Gezawa da rabonsu da wuta an manta. Na'urar da ke son caji kowace rana, a hannun wannan yaro, kwana biyu za ta yi tana aiki, sauran kwanakin tana shagon mai caji ko ƙarƙashin katifa. In kuma ta yi rai, bidiyo zai kalla, ni ma da nake da furfura in na ɗauki waya don karatu, Facebook nake ƙarewa.

Ba ni na fara wannan tunani ba. Ƙungiyar Worldreader ta fara raba Kindle a makarantun Ghana tun 2010. Na'urar da caji ɗaya zai kai ta mako biyu, ƙaramin faifan sola ɗaya a ofishin hedimasta ya ishi aji guda, a yi ta karɓa-karɓa.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa: littafin takarda ai ba ya cin batiri. Gaskiya ne, kuma ni ma har gobe na fi son takarda. Da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja muka koyi son karatu, a gaban fitilar ƙwai. Amma ku je kasuwa ku tambayi kuɗin littattafan aji shida a yau, sannan ku tuna takarda ma sai da haske ake karanta ta da dare. Ita wannan da 'yar fitilarta a jiki, ba ta damun na kusa da kai, kuma tana ɗaukar littafi dubbai.

Matsalolinta na gaske daban ne, ba zan ɓoye su ba. Kuɗi ne kan gaba. Mafi arhar Kindle sabuwa dala 110 ce a can, kafin kuɗin kawowa. In dala tana wajen naira 1,500, ta haura albashi mafi ƙanƙanta na wata biyu, tunda namu na Kano naira 71,000 ne. Da ba kyauta aka ba ni ba, anya da na saya? Sannan irin tawa ba ta da launi, zanen Bayoloji da taswira ba sa fita da kyau, takardar PDF mai faɗi kuma wahalar karantawa gare ta, yarinyar ma ta yi ta ƙorafi a kan haka. Ba kuma za ta koya wa yaro danna kwamfutar JAMB ba, wannan sai an kai shi ɗakin kwamfuta.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta littattafanmu. Kano ce cibiyar rubutun Hausa, garin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Yau kuma matan da ke rubuta labari a waya ba su ƙirguwa, ana saye ana turawa ta WhatsApp. Amma je ka nemi littafin Hausa da aka tsara shi tsaf a sigar EPUB, irin wadda waɗannan na'urori ke buɗewa harafi ya girma ko ya ƙanƙance yadda kake so, za ka sha wuya. OkadaBooks da wasu marubutanmu suka dogara da ita ta rufe a Nuwamban 2023. Wannan aiki ba sai an jira Abuja ba. Sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, da ƙungiyoyin marubuta, da masu haƙƙin tsofaffin littattafai, za su iya zama su daidaita yadda marubuci zai samu haƙƙinsa, a juya littattafan. Batiri mai mako biyu ba shi da amfani ga uwar 'ya'yana in babu abin da take son karantawa a ciki.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa mu rungumi duhu mu nemi dabarar zama da shi. Masana'antun Bompai da ke maƙwabtaka da mu, da na Sharaɗa da Challawa, babu batirin da zai tayar da su, wuta suke so. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a Janairun 2023 abin a yaba ne, amma ɗigo ce a kan buƙatar Kano. Wannan faɗan yana nan, za mu ci gaba da yin sa. Sai dai yaron da zai zauna jarrabawa a bana ba zai jira a gyara wuta ba.

Don haka in kana cikin kwamitin iyaye da malamai, ko kai ne ke rubuta takardar sayen kaya, ko za ka saya wa ɗanka, ka sa mai sayarwa ya faɗa maka awa nawa take yi da fuskarta a kunne, kada ka yarda da lissafin mako ko kwana. In ta hannu ce za ka saya a Farm Centre ko Beirut, ka tambayi shekarar da aka ƙera ta, don batiri yana tsufa ko ba a amfani da shi, ka kuma tabbatar mai ita na farko ya cire rajistarsa.

Shi kuma abokin aikina, na yi masa alkawarin aron ta ranar Juma'a bayan an tashi, ba tare da caja ba. Wanda ya san inda ake samun littattafan Hausa a sigar EPUB da izinin masu su, don Allah ya ajiye mini a ƙasa, in zuba masa ko guda biyu kafin nan.