Ana So Ana Kaiwa Kasuwa: Ƙorafi Kan Matsayin 'Yan Rawa a Nguru da Gashuwa

Masu iya magana sun ce wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha duka. A arewacin Yobe an samar da kashi na uku wanda magabata ba su lissafa ba, wato wanda zai yi rawa a tafa masa, a ɗauki hotonsa a buga a kalanda, sa'an nan da taro ya watse a nuna shi da baki a ce ɗan iska ne, ba shi da sana'a. A kan wannan kashi muke ƙorafi, kuma da masu shirya taruka da masana muke.

Mai karatu ya dubi inda ake neman 'yan rawa. Ga hawan salla a Nguru da Gashuwa, ga bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, ga bikin al'adu na Machina, ga naɗin sarauta, ga ranar da wani babba zai zo daga Damaturu. Ƙasa ce ta Badawa da Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani, kuma tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930 garin ya zama mahaɗar baƙi, kowa da irin kiɗansa da irin takunsa. Amma yaya ake yi da masu wannan taku? Sai ana saura kwana biyu a aika musu. A loda su a buɗaɗɗiyar mota, a zube su a rana tun hantsi, manya suna ƙarƙashin rumfa ana ta jawabi. In an kira su, mai gabatarwa na tsaye a kansu yana duba agogo. Ladan kuwa sai abin da aka liƙa, da abin da ya tsira daga hannun ɗan tsakiya.

Tushen wannan wulaƙanci wata magana ce da ake yi kamar yabo, wai rawa a jini take, ba a koyon ta. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Yarinyar da ke gaɗa a dandali shekaru ta yi tana bin yayyenta kafin ta iya sakin jiki ta faɗa da baya ƙawayenta su cafe ta su cilla, ta dira daidai kan tafi. Saurayin da ke rawar takai dole ya san lokacin da sandarsa za ta haɗu da ta na gabansa, da lokacin da zai juya ta haɗu da ta na bayansa. In ya makara da ƙiftawar ido, yatsa ne zai biya. Kalangu kuwa magana yake yi, yana bin hawa da saukar murya, saboda haka wanda bai san take da kirari ba, ko ya yi ta tsalle har gari ya waye, makaɗi ya san kurma ne ya shigo fage. Ashe akwai malami, akwai ɗalibi, akwai jarrabawa a gaban jama'a. Abin da babu kawai shi ne allo da takardar shaida.

In kuwa mutum ya ɗauki rawa sana'a, nauyin ya ninka. Jikinsa ne jarinsa. Sai ya horar da numfashi, ya riƙa gwaji kullum ko ana biki ko ba a yi, ya haddace jerin taku na rawa iri-iri ba tare da ya cakuɗa su ba, ya kuma iya sakin fuska alhali tafin ƙafarsa na kan rairayin bazara. Gwiwa da idon sawu da ƙugu su ne ke fara gazawa, kuma shekarun ƙarfin mai tsalle kaɗan ne. Ɗan ƙwallo in ya ji rauni a fili akwai mai rugowa da jakar magani. Ɗan rawa in ya gurɗe sai 'yan'uwansa su ja shi gefe, gobe ya nemi mai ɗori da kuɗin aljihunsa.

Akwai kuma wani ilimi dabam wanda ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne tsara rawa. Rawar dandali da rawar dandamali ba ɗaya ba ne. A dandali da'ira ake yi, masu rawa suna fuskantar juna da makaɗi, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima, kuma ba mai ƙayyade lokaci sai gajiya ko faɗuwar wata. A dandamali kuwa 'yan kallo na gefe guda a zaune, an ba ka minti goma. Dole wani ya zauna ya yanke shawara: wane taku za a ɗauka, wane za a bari, ta ina za a shiga, yaya za a buɗe da'ira ta zama sahu ba tare da rawar ta mutu ba, a ina makaɗi zai sauya, da me za a rufe. Wanda ya iya wannan ya yi aikin da marubucin wasan kwaikwayo ke yi. Rawar koroso ta Kano, wadda ta sami sunanta daga abin da masu yin ta ke ɗaurawa a ƙafa yana kacau-kacau, misali ce ta rawar da aka zauna aka tsara domin dandamali, aka kuma ba ta ƙungiya da wurin gwaji a Gidan Ɗan Hausa. Shi ya sa ta yi suna. To amma inda babu mai tsarawa, sai kowace ƙungiya ta kwaikwayi abin da ta ga ya yi kasuwa, har a wayi gari a sa wa yara tufafin Bade suna taka rawar Kano, manya a rumfa suna tafi ba su ma lura ba.

Ba mu ga laifin samari ba da suka koma koyo a fim da wayar hannu. Tun fitowar Sangaya a 1999 rawa da waƙa suka zama jigon finafinan Hausa, yawancin takun kuma daga finafinan Indiya aka aro shi. Yau TikTok ne malamin. Yaro mai baiwa a Nguru zai je inda ake koyarwa ne, kuma wayar ba ta taɓa ce masa ɗan iska ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun daɗe da gane wannan. A 1962 Gana ta kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a cikin Jami'ar Legon, ƙarƙashin Kwabena Nketia da Mawere Opoku, inda masu rawa na gargajiya da masu bincike suka yi aiki tare. Gini ta mai da ƙungiyar Keita Fodeba ta ƙasa bayan samun 'yanci a 1958. A Dakar an buɗe makarantar rawa a 1977 Germaine Acogny na shugabanta. Tun 1928 wani Bature, Rudolf Laban, ya fito da hanyar rubuta motsin jiki a takarda. Ko a nan gida, dokar da ta kafa ƙungiyar wasanni ta ƙasa ta fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Saboda haka kada wani ya ce mana abin sabo ne.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne rawa ba ta zama a littafi ta jira. A 2004 aikin Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu 'yan ƙasa ya fitar da ƙamusoshin Badanci, na karin Gashuwa da na yamma. Kalmar da ta shiga ƙamus ta tsira ko da masu faɗin ta sun ƙare. Taku kuwa a gwiwar tsoho yake, ranar da aka kai shi makwanci an kai da shi. Bugu da ƙari, lokutan da ke haifar da rawar su ma suna raguwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da yawa sun canza wuri ko sana'a. In su ya yi rauni, kiɗan masunta ba shi da ranar fita.

Mun san za a ce addini. Ba mu zo ba da fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Wanda ya ɗauki rawa haramun, ya ƙi yi, ya ƙi kallo, ya ƙi gayyata, mun girmama shi, domin maganarsa da aikinsa sun zo ɗaya. Rigimarmu da wanda zai aika a kira 'yan rawa don taronsa ya yi armashi, ya miƙe ya yi liƙi a gaban kyamara, sa'an nan ranar biyan haƙƙi ya tuna cewa sana'ar banza ce. Wannan ba tsoron Allah ba ne, cin gumin ma'aikaci ne, kuma hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne a wurin malaman.

Su ma masana suna da nasu kason. A sassan Hausa ana nazarin waƙoƙin gaɗa da na dandali, a rubuta baitoci, a fito da jigo da salo, amma ƙafar da aka yi waƙar dominta ba a ko ambatonta. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a garin. Muna kira da a tura ɗalibai masu rubuta kundi su ɗauki rawar ƙauyukansu a bidiyo daga farko har ƙarshe, da sunan kowane taku a harshen masu shi, da bayanin lokacin da ake yin sa. A gayyato tsofaffin gwanaye aji a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi. Masu shirya taro kuwa su yi jinga da shugaban ƙungiya baki da baki tun da sauran mako biyu, a rubuta, a ba da rabi kafin a hau mota, a tanadi rumfa da ruwan sha, a kuma sa sunan ƙungiyar da na wanda ya tsara rawar a takardar shirin taro, kusa da na masu jawabi.