Ganganci Ba Tsautsayi Ba Ne

'Yan'uwa na Zariya da Tibiri da Jiratawa, ku saurara! Mai mota ya yi cacar baki da ɗan dako a bakin kasuwar Maraɗi, ya shiga mota ya bi shi ya banke. Kafin magariba an aiko dattijo da kuɗin magani a aljihu, wai tsautsayi ne, a yi haƙuri. Tsautsayin wa? Wanda ya auna mutum da mota ya taka totur, shi da mai zare takobi ɗaya ne a gun mu.

Doka ma ta raba su. Kundin hukunci na Nijar, na 15 ga Yuli 1961, ya ware raunin sakaci gefe guda. Raunin ganganci kuwa, aya ta 222 ta yanka masa kaso daga wata 3 zuwa shekara 2, da tara. In rai ya fita, ko ba a nufi kisa ba, shekara 10 zuwa 20.

Ga abin da masu kuɗi ba su so ku sani: yafewar wanda aka karya ba ta kashe tuhuma. Wannan ƙara ta hukuma ce, kuɗin magani bai saye ta.

Amma fa alƙali bai ga zuciyar direba ba. Sai wanda ya ji abin da ya faɗa kafin ya tada mota ya buɗe baki, mu kuwa nan muka saba watsewa. To, ku riƙe lambar mota, ku karɓi takardar likita ran nan, ku raka ɗan'uwanku wurin 'yan sanda ko jandarma, ku ba da shaida da sunanku.